Shari'ar Tom Robinson da Ƙarfin Halin Atticus Finch: Tambayoyi da Amsoshi Kan Littafin To Kill a Mockingbird

Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi yawan fitowa daga bakin ɗaliban adabi da malamansu, da kuma waɗanda suka karanta littafin don nishaɗi suka ajiye shi da ɓacin rai. An fara da masu sauƙi. Wanda bai gama karantawa ba ya sani cewa amsoshin sun tona ƙarshen labarin.

Wane littafi ne wannan, kuma wa ya rubuta shi?

Ƙagaggen labari ne da Harper Lee, 'yar garin Monroeville a jihar Alabama ta kudancin Amurka, ta wallafa a 1960. An haife ta a 1926, ta rasu a 2016. Littafin ya ci lambar Pulitzer a 1961, aka mayar da shi fim a 1962, kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 40 a duniya. Mahaifinta lauya ne a wannan ƙaramin gari, shi ya sa kotu da zaman shari'a ba baƙin abubuwa ba ne a wurinta.

Mene ne labarin a taƙaice?

Wata yarinya ce mai laƙabin Scout take ba da labarin shekaru uku na ƙuruciyarta, daga 1933 zuwa 1935, a garin Maycomb. Tana zaune da yayanta Jem, da mahaifinsu Atticus Finch wanda lauya ne kuma ɗan majalisar jiha, da Calpurnia, baƙar fatar da ke musu girki, wadda ita ta raine su bayan rasuwar mahaifiyarsu. Rabin farko na littafin wasan yara ne da tsegumin unguwa, musamman kan maƙwabcinsu Boo Radley da ba ya fita daga gida.

Daga nan aka tuhumi wani baƙar fata, Tom Robinson, magidanci mai 'ya'ya uku, da yi wa Mayella Ewell fyaɗe, ita kuwa farar fata ce 'yar shekara 19. Alƙali ya naɗa Atticus ya kare shi. Atticus ya nuna wa duk mai ido cewa ƙarya ce, amma aka yanke wa Tom hukuncin kisa. Kafin a saurari ɗaukaka ƙara, masu gadin gidan yari suka harbe shi, suka ce ya yi yunƙurin gudu. Harsashi 17 aka samu a jikinsa. Daga baya uban yarinyar, Bob Ewell, ya tare Jem da Scout cikin dare da wuƙa, Boo Radley ya cece su.

Maycomb gari ne na gaske? Wace irin wariya ake yi a lokacin?

Garin ƙirƙira ne, amma an gina shi a kan Monroeville, kuma dokokin da ke cikinsa na gaske ne. An haramta bauta a Amurka a 1865, bayan yaƙin basasa. Cikin 'yan shekarun da suka biyo baya jihohin kudu suka kafa dokokin da ake kira Jim Crow, waɗanda suka raba makarantu, asibitoci, jiragen ƙasa, har da maƙabartu. A 1896 Kotun Ƙoli ta halatta wannan rabuwa a shari'ar Plessy da Ferguson, bisa hujjar cewa a raba ɗin ma za a iya yin daidaito. Daidaiton bai taɓa zuwa ba. An kuma toshe wa baƙaƙe hanyar zaɓe ta harajin jefa ƙuri'a da jarrabawar iya karatu.

A cikin littafin ba a karanto wa mai karatu waɗannan dokoki, ganinsu yake yi suna aiki. A kotu fararen fata suna ƙasa, baƙaƙe suna saman bene, kuma sai fararen sun gama shiga sannan su shiga. A cocin su Calpurnia mutum huɗu kacal suka iya karatu, don haka mutum ɗaya ke karanto baitin waƙa sauran su amsa. Ga kuma talaucin karyewar tattalin arziki da ya soma a 1929, wanda ya sa manomi ke biyan lauya da itacen wuta da kayan gona.

Tun da shaida ta wanke Tom, me ya sa aka same shi da laifi?

Shaidar a fili take. Raunin da ke fuskar Mayella a gefen dama yake, alamar bahago ne ya doke ta. Atticus ya sa Bob Ewell ya rubuta sunansa a gaban kotu, kowa ya ga da hagu ya rubuta. Tom kuwa hannunsa na hagu ya shanye tun yana yaro, injin gurzar auduga ne ya kama shi. Babu wanda ya kira likita ya duba yarinyar, don haka babu ma tabbacin an yi fyaɗen. Abin da Tom ya faɗa shi ne ita ta kira shi ya taya ta aiki, ta rungume shi, uban ya hango ta taga, shi kuma ya ruga a guje.

To amma wanke Tom yana nufin mutum 12 fararen fata masu taya alƙali yanke hukunci su tsaya a bainar jama'a su ce baƙin mutum ya faɗi gaskiya, farar mace da ubanta sun yi ƙarya. A Alabama ta 1935 wannan ya fi ƙarfin shaida. Akwai kuma wurin da Tom ya yi suɓul da baka: mai gabatar da ƙara ya tambaye shi dalilin da ya sa yake taya Mayella aiki kyauta, ya ce tausayinta yake ji. Ɗakin kotun ya ɗauki wannan a matsayin raini, domin tausayi daga sama yake saukowa, kuma ba a yarda baƙar fata ya ga kansa a saman ko da mafi talaucin farar fata ba. A ganina wannan kalma ɗaya ta fi tuhumar kanta cutar da shi.

Hukuncin kisa kan fyaɗe ma ba ƙari marubuciyar ta yi ba. Daga 1930 zuwa lokacin da aka daina, mutum 455 aka kashe a Amurka bisa wannan laifi, 405 daga cikinsu baƙaƙen fata ne.

Su wane ne waɗannan mutum 12, kuma me ya sa babu baƙar fata ko mace a cikinsu?

A tsarin Amurka, talakawan gari ake zaɓa su taya alƙali yanke hukunci, su ne ke cewa wanda ake tuhuma ya yi laifi ko bai yi ba. A takarda, tun 1880 Kotun Ƙoli ta hana ware baƙaƙe daga wannan aiki. A aikace kuwa masu tattara sunaye ba sa rubuta su. Mata kuma doka ce ta hana su a Alabama, har zuwa 1966.

Jem ya yi wa mahaifinsa kusan wannan tambaya. Amsar Atticus ta ƙara tona wani abu: masu ilimi da masu kantuna na cikin gari zillewa suke yi, don kada hukuncin da za su yanke ya kore musu masu ciniki. Sai aikin ya faɗa hannun manoman ƙauye. Wato mutanen kirkin da ke cewa ba su da hannu a zalunci su ne suka bar kujerar.

Shari'ar ta faru da gaske?

Ba labarin shari'a guda ba ne, amma tana da 'yan'uwa da yawa. A 1919 mahaifin marubuciyar ya kare wasu baƙaƙe biyu, uba da ɗa, da aka tuhuma da kisa, aka rataye su duka. Wadda aka fi kwatanta littafin da ita kuwa ita ce shari'ar samarin Scottsboro: a 1931 aka sauke matasa baƙaƙe tara daga jirgin ƙasa a Alabama, aka ce sun yi wa fararen mata biyu fyaɗe. Cikin 'yan kwanaki aka yanke wa takwas hukuncin kisa. Ɗaya daga cikin matan, Ruby Bates, ta dawo ta ce ƙarya suka yi, duk da haka aka sake samun samarin da laifi. Sau biyu maganar ta kai Kotun Ƙoli, a 1932 kan rashin ba su lauyan kirki, a 1935 kan ware baƙaƙe daga masu taya alƙali.

Mai neman Atticus na zahiri ya duba alƙali James Horton. A 1933 ya soke hukuncin da aka yanke wa ɗaya daga cikin samarin, ya ce shaidar ba ta tsaya ba. A zaɓen shekarar da ta biyo baya ya rasa kujerarsa.

Atticus ya san zai sha kaye. Me ya sa ya karɓi aikin?

Da farko, ba shi ya nema ba, alƙali Taylor ne ya ɗora masa, kuma littafin ya nuna da gangan alƙalin ya tsallake ƙaramin lauyan da aka saba bai wa irin wannan aiki. Abin da ya harzuƙa gari shi ne Atticus ya yi niyyar kare Tom da gaske. Da ya je ya yi zaman cika sharaɗi ya tashi, babu mai zaginsa. Scout ta ji dattawan da ke zaman kashe wando a harabar kotu suna faɗar haka da bakinsu.

Dalilin da ya ba 'yarsa shi ne idan ya ƙi, ba zai iya ɗaga kai a gari ba, ba zai kuma sake iya ce wa 'ya'yansa su yi ko su bari ba. Ya shaida mata tun kafin a zauna cewa ba za su yi nasara ba. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: an zagi yaran a makaranta, dangi sun ce ya zubar musu da mutunci, Bob Ewell ya tofa masa yawu a fuska, shi kuwa bai rama ba. Ƙarfin halin da littafin ke nufi ke nan, mutum ya shiga abin da ya san ba zai ci ba, ya kai shi ƙarshe. Amma a haɗa wannan da amsar da ke ƙasa kan baƙaƙen fatar Maycomb, domin ba Atticus ne ya biya farashi mafi tsada ba.

Me ya kawo labarin mahaukacin kare da tsohuwa Dubose? Kamar ba su da alaƙa da shari'ar.

Suna da ita, su ne share fage. Yaran suna ganin mahaifinsu tsoho ne mai tabarau da bai iya komai ba, sai ranar da mahaukacin kare ya shigo layinsu, Atticus ya kashe shi da harbi ɗaya. A ranar suka ji cewa a da babu maharbi kamarsa a gundumar. Jem ya ɗauka jarumta ke nan.

Sai marubuciyar ta kawo Misis Dubose, tsohuwa mai mugun baki da ke zagin Atticus kan kare baƙar fata. Jem ya fusata ya farfasa mata furanni, aka hukunta shi da zuwa yi mata karatu kullum har fiye da wata guda. Bayan ta mutu Atticus ya gaya masa cewa jikinta ya saba da morfin, maganin kashe ciwo mai kama jiki, kuma ta ƙudura ba za ta mutu tana baiwarsa ba. Karatun nasa ne ke ɗauke mata hankali tana jinkirta shan maganin, har ta rabu da shi. Atticus ya ce so yake ɗansa ya ga jarumtar da ba ta buƙatar bindiga. Abin lura, mace mai ƙin baƙar fata ya ɗauka ya yi misali da ita. Wasu na ganin wannan faɗin zuciya ne, wasu na ganin nan raunin Atticus yake, ba ya iya kallon maƙwabcinsa ya kira shi azzalumi.

Da gaske ƙaramar yarinya za ta iya tarwatsa masu son kashe mutum?

A daren jajibirin shari'a wasu manoma suka zo kurkuku cikin motoci don su fitar da Tom su kashe shi. Suka tarar da Atticus zaune a ƙofa da kujera da fitila da jarida. Yaran suka kutso, Scout ta gane mutum ɗaya, Mista Cunningham, ta gaishe shi, ta ce ajinsu ɗaya da ɗansa, ya gaishe mata da shi. Kunya ta kama mutumin, ya ce wa sauran su tafi.

Darasin a bayyane yake: taro yana da ƙarfi ne muddin babu wanda aka kira da sunansa. Daga baya ma wani dangin Cunningham ne ya daɗe yana turjiya a cikin mutum 12 ɗin, abin da ya sa suka kwashe sa'o'i kafin su fito. Amma tarihi bai cika zuwa da wannan sauƙi ba. Ƙungiyar Equal Justice Initiative ta tattara bayanan kisan gilla fiye da 4,400 da taron fararen fata suka yi wa baƙaƙe tsakanin 1877 da 1950, da yawa da rana tsaka, wasu har da yara a cikin 'yan kallo. Wannan fage na littafin fata ne fiye da rahoto.

Mayella azzaluma ce ko wadda aka zalunta?

Duka biyun. Tana zaune a bayan jujin gari, tana rainon ƙanne bakwai, uban mashayi ne mai duka, kuma maganar da Tom ya ruwaito daga bakinta ta nuna abin da uban ke mata ya wuce duka. Da Atticus ya yi mata magana da ladabi a kotu, ta ɗauka ba'a yake mata, don ba a taɓa girmama ta ba. Da ya tambaye ta ko tana da ƙawaye, ba ta ma gane tambayar ba. Duk da haka makami ɗaya take da shi a duniya, farar fatarta, kuma ta ɗora shi a wuyan mutumin da shi kaɗai ya taɓa yi mata alheri.

Mene ne ma'anar tsuntsun da ke sunan littafin?

Mockingbird tsuntsu ne mai kwaikwayon kukan sauran tsuntsaye, ba ya ɓarnar gona. Da aka ba yaran bindigar iska, Atticus ya ce zunubi ne a kashe shi. Tom da Boo Radley ake nufi. Masu suka sun ce kwatancen ya mayar da Tom abin tausayi mara baki, alhali magidanci ne mai hankali da zaɓin kansa.

Me ya sa aka ɓata shafuka a kan matan da ke shan shayi?

Ba ɓata su aka yi ba, suna cikin mafi kaifin littafin. Gwaggon yaran, Alexandra, ta tara matan coci a gida, suna ta jimamin halin da wata ƙabila ta ƙirƙira ke ciki a can Afirka, a lokaci guda suna ƙorafin masu aikinsu baƙaƙe sun ɓata rai tun bayan shari'ar. Ana cikin haka Atticus ya shigo da labarin an harbe Tom. Haka ma malamar su Scout, wadda ta la'anci Hitler a aji kan zaluntar Yahudawa, alhali yarinyar ta ji ta a matakalar kotu tana cewa lokaci ya yi da za a koya wa baƙaƙe hankali. Laifi tudu ne. Littafin ya fi jin haushin irin waɗannan fiye da Bob Ewell, wanda kowa ya san tantiri ne.

Ina ƙarfin halin baƙaƙen fatar Maycomb? Me ya sa ake sukar littafin a kan wannan?

Yana nan ga mai duba da kyau. Tom ya tsaya ya faɗi gaskiya a ɗakin da ya san faɗinta na iya kashe shi. Matarsa Helen ta riƙa zagaye mai nisa zuwa wurin aiki don kauce wa iyalan Ewell. Limamin cocinsu ya sa an rufe ƙofa, ya ce babu mai fita sai an haɗa mata dala 10. Calpurnia ta ɗauki 'ya'yan farar fata ta kai su cocinta, ta tsaya musu lokacin da wata mata ta ce ba wurinsu ba ne.

Sai dai duk wannan ta idon 'yar farar fata muke ganinsa. Ba mu taɓa shiga gidan Calpurnia ba, ba mu ji abin da Tom ya yi tunani a daren kurkuku ba. Fagen da aka fi tunawa shi ne inda mutanen saman bene suka miƙe tsaye don girmama Atticus yana fita, washegari kuma suka cika masa gida da abinci. Mutumin da aka yanke wa kisa ya koma gefe, lauyansa ya zama tauraro. Tun 1992 malamin shari'a Monroe Freedman ya yi rubutu cewa bai kamata lauyoyi su ɗauki Atticus abin koyi ba, tun da ya zauna a majalisar jihar da ke yin dokokin wariya bai yaƙe su ba. Sukar tana da nauyi. Abin da zan ƙara shi ne littafin ya fito ne shekara biyar bayan kisan Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14 a Mississippi, da kama Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera a motar bas a Montgomery, kuma fararen fata yake wa magana a kan kansu. Don haka ya fi amfani idan an karanta shi tare da rubutun baƙaƙen marubuta na zamanin.

An ce a wani littafin Atticus ya zama mai goyon bayan wariya. Gaskiya ne?

Gaskiya ne. A 2015 aka fitar da Go Set a Watchman, wanda daftari ne da Lee ta rubuta tun 1957, kafin editarta ta ba ta shawarar ta koma kan ƙuruciyar Scout. A cikinsa Scout ta girma, ta dawo daga New York ta tarar da mahaifinta mai shekara 72 yana halartar taron masu adawa da haɗe makarantu, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954 da ya haramta raba makarantun fararen fata da na baƙaƙe. Ba ci gaban labari ba ne, har ma a can an ambaci cewa wanda ake tuhuma ya kuɓuta. Amma wanda ya karanta amsar da ke sama kan tsohuwa Dubose ba zai yi mamaki ƙwarai ba. Mutum na iya ƙin a kashe marar laifi, kuma ya ƙi a daidaita shi da shi.

A ƙarshe an ɓoye wanda ya kashe Bob Ewell. Wannan bai saɓa wa duk abin da Atticus ya tsaya a kai ba?

Ya saɓa, kuma marubuciyar ta sani. Atticus ya ɗauka Jem ne ya yi kisan, ya nace sai an kai magana kotu don kada a ce ya rufa wa ɗansa asiri. Shugaban 'yan sandan gunduma, Heck Tate, wanda ya gane Boo ne, ya kafe cewa Ewell faɗuwa ya yi a kan wuƙarsa, domin fito da mutum mai gudun jama'a irin Boo gaban gari zalunci ne. Atticus ya yarda. Ga tambayar da ta dace a yi a aji: jami'in da ya iya lanƙwasa doka don ceton Boo, wanda farar fata ne, shi ne ya kama Tom bisa maganar iyalan Ewell kaɗai, ba tare da ya kira likita ba.

Me ya sa wasu makarantun Amurka ke cire littafin?

Dalilan sun sauya da zamani. A 1966 wata hukumar ilimi a jihar Virginia ta ce batun fyaɗe bai dace da yara ba. A 2017 a Biloxi ta Mississippi, da 2018 a Duluth ta Minnesota, kalmar zagin baƙar fata da ke maimaituwa a littafin ce ta jawo, da damuwar yadda ɗalibi baƙar fata zai ji ana karanta ta a aji.

Abubuwa sun canza a Alabama bayan littafin?

Dokoki sun canza: dokar 'yancin jama'a ta 1964 da ta 'yancin zaɓe ta 1965 sun rushe Jim Crow a takarda. Monroeville ta mayar da tsohuwar kotunta gidan tarihi, ana kuma yin wasan kwaikwayon littafin a can duk shekara. A wannan garin ne aka kashe wata budurwa farar fata a 1986, aka kama wani baƙar fata, Walter McMillian, duk da mutane da dama sun ce yana gida tare da su a lokacin. An ajiye shi a sashen masu jiran kisa tun kafin a yi masa shari'a. Shari'ar ta 1988 yini ɗaya da rabi ta ɗauka, 11 daga cikin masu taya alƙali fararen fata ne. Sun ba da shawarar ɗaurin rai da rai, alƙali ya mayar da shi kisa. Lauya Bryan Stevenson, shi ma baƙar fata, ya bi maganar har ya tabbatar da cewa babban mai shaidar ƙarya ya yi, aka saki McMillian a 1993.